Yadda Na Kai Inna Wagadugu Kan Maganar Garka

Tun da muka dawo daga Wagadugu, ni da Inna, ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa a majalisarmu ta bakin kasuwar Gummi ba. Wannan ya ce da gaske ne mata ke tuƙa babur a can, wancan ya ce shi an gaya masa kada na kwance a tsakiyar gari. A ofis ma haka. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga tushe.

Ni ma'aikaci ne a sashen filaye na ƙaramar hukuma. Aikina awo da kafa turaku in za a yanka filaye. Kakana na wajen uwa ya rasu ya bar garka a gefen gari. Rabinta tudu ne da ake shuka gero, rabi kuma kwari mai ɗan tafki, kewaye da kanya da tsamiya da ɓaure da ɗorawa da giginya. Muna yara in za a je can, cewa ake za a daji. Yanzu gidaje sun kewaye ta ta gefe uku, sabon tsarin unguwar da ofishinmu ya zana kuma ya iso bakinta.

Magada uku ne: Inna, da ƙanwarta Inna Kulu da aure ya kai Wagadugu tun ina ƙarami, sai 'ya'yan marigayi Kawu, waɗanda babbansu Magaji, taubashina, ke magana da yawunsu. Magaji yana so a sare itatuwan, a cike tafkin, a yanka filaye. Ba mugunta ba ce, ƙannensa sun girma suna neman inda za su ajiye iyali. Inna kuwa ta ce ko reshe ba za a taɓa ba tana raye. Magana ta tsaya a kan Inna Kulu. Magaji ya ce a buga mata waya a huta.

Inna ta ce, "Ƙasar ubanmu ba a yanke ta ta waya. In ga idonta, ta ga nau. Ummaru, nemi hutu ka kai ni."

Haka aka yi. Bayan an yanke gero na nemi hutu, na yi mana takardun tafiya da katin allurar shawara. Inna ta haɗa tsaraba kamar mai ƙaura: daddawa, kuka, ƙullin tsamiyar garka, da gora guda ta zuma da aka ɗebo daga amyar da ke kan ɗorawa.

A tashar Gummi muka haɗu da wani mutum siriri mai suna Salfo, mutumin Burkina, ya fito daga wajen haƙar zinari a yankin Anka zai koma gida. Hausarsa a karye take, namiji ya mayar mace, mace ya mayar namiji, amma yana jin Faransanci da Mosanci. Ya ce ya bar haƙar ne tun da ya ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Sunke, sai dai bai samu komawa ba sai yanzu. Da Inna ta ji hanyarmu ɗaya, ta ce, "To, Allah ya ba mu tafinta." Tun daga nan ta mayar da shi ɗan gida, har aikensa take yi.

Muka sauka Jega muka sake mota, muka bi ta Kalgo da Bunza. Wajen Bunza ne mota ta faɗa wani rami, murfin gorar zuma ya fita. Gorar tana tsakanin ƙafafuna, ban kuwa lura ba sai da na ji takalmina na mannewa. Kafin in ankara zuma ta wanke mini wando daga gwiwa zuwa ƙasa, ta jiƙa gindin jakar Salfo. Inna ta karɓi gorar ta leƙa, ta ga ɗan abin da ya rage a ƙasa, ta toshe da tsumma ta rungume a cinya. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi.

A iyakar Kamba na shiga layi da wandon nan, don jakar kayana tana ɗaure a saman mota. Ƙudaje suka fara zuwa, sai ga ƙudan zuma. Mutane suka dare mini, na zama ni kaɗai a tsakiyar fili ina kaɗa hula. Jami'in da ke buga hatimi ya hango ni, ya yafito ni da hannu, ya buga mana namu ba tare da wata doguwar tambaya ba, ya ce, "Malam, don Allah yi gaba da jama'arka." Salfo ya ce shi duk ƙetare iyakar da yake yi bai taɓa wucewa da sauri haka ba.

A ɓangaren Nijar wani jandarma matashi ya buɗe kayan Inna, ya ɗaga ƙullin tsamiya yana zuba mata Faransanci. Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Ɗana, in kana jin Hausa yi ta. In ba ka ji, kira min wanda ka ji." Ya fashe da dariya. Ashe mutumin Dogon Dutse ne. Ya ce, "Inna, aikin ne ya saba muna da bakin Nasara. Ina zuwa da tsamiya haka, can babu?" Ta ce akwai, amma ba ta ubanta ba ce. Ta dumbuza masa hannu guda, ya sa a aljihun kaki.

A Gaya na samu na wanke jiki na sake wando. A Doso muka ci dambun zogale da garin rogo, aka kawo mana irin burodinsu dogo mai tauri. Inna ta juya shi ta ƙwanƙwasa a benci ta ce, "Wanga ci a kai ko dogarawa?" Amma da ta tsoma a shayi sai ga shi ta cinye rabi.

Bayan Doso da ɗan nisa direba ya rage gudu, ya nuna hannun dama. Raƙuman dawa ne, uwa da ɗanta da wani babba can baya, suna tsinkar ganyen ƙaya a gefen gonar wake, ga wani manomi yana aikinsa ko kallonsu bai yi ba. Inna ta kama hannuna. Ta ce babansu ya sha ba su labarin dabbar nan, ita duk zatonta irin labaran da ake yi wa yara ne. Ta tambayi wata Bazabarma da ke kusa da ita ko ba sa ɓarna. Matar ta ce suna yi mana, wake ma suka fi so, ana ta gunaguni, amma an hana taɓa su, mutanen wurin kuma sun saba, baƙi na zuwa kallo ana samun ɗan abin sawa a baki. Inna ta yi ta waiwaye har suka ɓace.

Da za mu shiga Yamai na ga abin da ya shafi aikina. An dasa dogon yaro jeri-jeri ya yi wa gari ɗamara, da gani an yi shi da niyya. Amma a wurare da yawa an ci cikinsa: nan gini, nan juji, nan turakun siminti a tsakanin itatuwa. Turakun nan na san su, irinsu nake kafawa.

Muka kwana a tashar manyan motoci. Suna da ɗakin matafiya, maza daban mata daban, da tabarmi da ruwan alwala, ba wanda ya tambaye mu ko sisi tunda mun yanki tikiti. Wannan tsari ya burge ni. Da safe muka ƙetare gadar Kwara muka nufi yamma, Torodi, Makalondi, sai iyakar Burkina. A nan Salfo ya yi mana rana, don Hausa ta fara ƙaranci. Shi ya riƙe takardunmu, shi ya amsa tambayoyi, da aka kira sunan Inna ma shi ya ce, "Ga shi nan, uwana ne."

A Kancari na duba agogona na ga azahar ta yi, na fito da Inna muna neman ruwa. Mutane suka yi ta kallonmu. Wani mai shayi ya nuna mini agogon bangonsa, ashe ƙasar tana bayanmu da awa guda. Inna ta ɗaga kai ta dubi rana, ta dubi inuwarta, ta ce, "Ni da rana nika salla, ba da bangon mai shayi ba." Sai dai inuwar ma ta nuna da saura kaɗan, ta zauna ta jira tana cewa ai ita dama ta sani.

Fadan Gurma garin zuma ne, ga ta nan a kwalabe jere a bakin tasha. Na raɗa wa Inna cewa mu saya mu cika gorar, ba wanda zai sani. Ta harare ni. "Kulu ta san zuman garka. Ko cokali guda na, shi za ni kai mata." A Kupela Salfo ya sauka. Inna ta ba shi daddawa ya kai wa matarsa, ya durƙusa har ƙasa ta sa masa albarka.

To, maganar mata da babur gaskiya ce. Da muka shiga Wagadugu na ga abin da ban taɓa gani ba: mata tsofaffi da 'yan mata, wata da goyo, wata da kwandon kayan miya a ka, kowa a kan babur ko keke, har an ware musu gefen titi nasu. Wadda ta zo tarbarmu ma a kan babur ta zo. Mariyama ce, 'yar Inna Kulu, wadda ban taɓa gani ba sai a hoto. Ta rungume Inna, ta ce ta hau baya su tafi. Inna ta ce, "Ɗiyata, na gode, amma ban zo garin ga in karye ba." Muka ɗauki tasi, wata koriya da ƙofarta sai an ɗaure da igiya, Mariyama na gaba muna bin ta.

Inna Kulu na tsaye a ƙofar gida. Ta fi Inna jiki, amma tafiyarsu ɗaya, har yadda suke riƙe gefen zane. Suka tsaya suna kallon juna. Inna Kulu ce ta fara magana: "Yaya, kin tsufa." Inna ta ce, "Ke kin ga kanki?" Sai suka riƙe juna suna kuka suna dariya, ni da Mariyama muka shige da kaya muka ba su wuri.

Al'adarsu a can, ba a gaisawa da baƙo sosai sai an ba shi wani farin ruwa na garin gero da citta da tsamiya, kamar farau-farau amma ya fi shi daɗi. Bayan mun sha, Inna ta kwance tsumman gora ta miƙa. Inna Kulu ta sa yatsa ta lasa, ta rufe ido. Ta ce, "Ɗorawar bakin tafki. Tana nan ashe?" Inna ta ce, "Tana nan. Kan maganarta niz zo."

Ba a yi maganar ranar ba. Aka bar mu muka huta, muka ci tuwon masara mai ɗan tsami da miyar ganye, da wata kaza gasasshiya da suke kira mai keke saboda tsawon ƙafarta. Unguwarsu tana can gefen gari, tituna a miƙe kamar an ja da zare. Inna Kulu ta ba ni labari cewa da a tsohuwar unguwar Hausawa suke, tsakiyar birni, aka tashe su don za a yi manyan gine-gine, aka ba su filaye a nan.

Ta ce, "Ummaru, fili mai faɗi, hanya mai faɗi, amma ko icce guda babu. Sun aske wurin tas kahin su ba mu. Bazarar farko na ɗauka mutuwa za ni yi. Ba inuwa, ba kukan tsuntsu, sai kwano na ƙara. Duk abin da kag gani cikin gidan ga ni nid dasa, da ruwan wanke-wanke na rene su."

Da na ji haka na ce a raina Inna ta samu mai goya mata baya. Ita ma haka ta ɗauka. Washegari da hantsi ta zayyana komai, ta ƙare da cewa su biyu su haɗa baki a bar garka yadda take. Inna Kulu ta ajiye carbinta. Sannan ta ce, "Yaya, a yanka."

Inna ta ce, "Mi kic ce?"

"Na ce a yanka wani wuri. In kin ƙi, ba ki tsare ta ba, jinkiri kawai kika yi. Ni na zauna birni, na san yadda shika cin wuri. Yau a zuba shara, gobe a saci reshe, jibi wani ya ja katanga. Ranar da kika kwanta dama, kahin a yi bakwai an kai injin sara. Su Magaji kuma suna da hakki, ina za su zauna?"

Inna ta miƙe ta ce ashe ta sha hanya ne don ta zo ta ji bakin Magaji a Wagadugu. Ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba, ta ce in nemo mana motar komawa. Na ce to, na fita na zaga unguwa na dawo na ce mota ta cika.

Mariyama ce ta kwance mana ƙullin. Tana aiki a sashen da ke kula da lambuna da itatuwan birni, Hausarta kuma cakuɗe take da Faransanci, sai na yi ta tsayar da ita tana fassara. Ta fara ja na zuwa wani fili a bayan layinsu. Ta ce a taswira wannan wurin shan iska ne na unguwa, an ware shi tun farko. Abin da na gani kuwa juji ne: leda, toka, mushen kaza, awaki na kiwo. Ta ce, "Yaya Ummaru, kai mai awo ne. Dubi gidajen, me ka gani?" Na duba. Duk gidajen da ke kewaye sun ba filin baya, ba ƙofa ko ɗaya da ke kallonsa. Ta ce abin da suka koya da wahala ke nan: wurin da ke bayan katanga na shara ne, wanda ke gaban ƙofa kuwa kowa na share shi, in wani ya zo da gatari a tambaye shi wa ya aiko shi. Na yi shekaru ina yanka filaye ban taɓa tunanin inda ƙofa za ta kalla ba.

Kashegari ta ce za ta kai mu dajin da ke tsakiyar gari. Inna ta ce ba ta zuwa. Inna Kulu ta ce, "Bar ta, tsoron kada takai." Kafin a rufe baki Inna ta ɗauko mayafi.

Dajin nan suna kiransa da wani suna na Mosanci, aka ce mini ma'anarsa dajin ilimi. Tun zamanin sarakunansu na da ake tsaronsa, birni ya zo ya kewaye shi bai cinye shi ba. Daga bakin titi mai hayaƙi da ƙarar babura, kana shiga ƙofa ka yi 'yar tafiya sai ka ji sanyi ya sauko maka, ƙarar ta koma can nesa. Ɗalibai na zaune a gindin itatuwa suna bita. Ga masu gudun motsa jiki, maza da mata, da gajerun wanduna. Inna ta ja mayafi ta rufe gefen fuska tana salati, ta tambayi wa ya biyo su. A saman manyan maɗatai jemagu ne reto-reto ba iyaka. Kada kuma gaskiya ne, mun gan su a bakin wani ruwa, kwance da baki buɗe, an kafa allo ana gargaɗin mutane. Ba sa yawo a kasuwa dai kamar yadda ake faɗa a majalisa.

Tun Inna na ɗaure fuska har ta manta. Ta shiga kiran itatuwa da sunayensu kamar mai gaida dangi: ga marke, ga kaɗanya, ga taura, ga ƙirya, ga farin baushe da ta ce rabonta da shi tun tana budurwa. Mariyama na gaya mata sunayensu da Mosanci, suna ta gwada bakin juna. Mariyama ta ce mini dogon yaro na da saurin inuwa, shi ya sa kowa ke dasa shi, amma ɓaure guda ya fi jerinsa tara tsuntsaye, don haka su tsohon icen ƙasa suke fara karewa kafin su yi maganar dashe. Ta nuna mini yadda aka bar wa ruwa hanyarsa daga madatsun ruwan gari ya ratsa dajin ya fita. Ta ce in ka toshe hanyar, ruwan ya ruɓe, kifi da kwaɗi su ƙare, tsuntsayen da ke cin su su tashi, sauro kaɗai zai rage maka. Ba ta ɓoye mini matsalarsu ba: ruwan na shigo musu da leda da dattin gari, kullum cikin kwasa suke.

Tsofaffin suka gaji suka zauna a benci guda, kowa ta kalli gefenta. Can sai tsuntsun nan ragon maza ya yi kukansa daga cikin kurmi, irin wanda ke sauka kamar ana tsiyaye ruwa daga tulu. Inna Kulu ta ce, "Yaya, kin tuna ranar da kika ce min aljani na, nib bar tulun innarmu nig gudu?" Inna ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara. Ta ce, "Ke dai kin cika tsoro. Ni aka buga kan tulun nan." Suka yi dariya har da share ido. Da dariyar ta lafa, Inna ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, in an yanka, ina za a yanka?"

Inna Kulu ta ce, "Tudu. Gero kawai a kai, gero kuwa ko'ina shina fita. Kwari da tafki da itace, rabona da ke ciki na bar shi wakafi, mutanen unguwa su sha inuwa, lada ta kai ma Baba. In kin bar naki, su Magaji su ɗauki tudu, mu ɗauki kaɗan."

Suka juyo gare ni. Na tsinci kara na tsuguna na zana musu a ƙasa: filaye a kan tudu, hanya ta bi tsakaninsu da itatuwa ta yadda dole kowace ƙofa ta kalli garka, kwarin da ke fitar da ruwan tafki zuwa gulbi a bar shi a buɗe. Mariyama ta karɓi karan ta ƙara faɗin bakin tafkin. Inna ta duƙa ta duba zanen. Ta ce, "Sharaɗina guda. Duk iccen da Baba ya sani, ba a taɓa shi." Na ce in Allah ya so.

Sauran kwanakin hutu ne. Aka kai mu gaida dangin mijin Inna Kulu, aka kai mu kasuwa, Inna ta sayi zanen saƙi. Ranar da za mu taso har ta yarda Mariyama ta ɗora ta a babur daga ƙofar gida zuwa bakin titi, ta riƙe ta gam tana karanta duk addu'ar da ta sani. A tasha 'yan'uwan ba su yi kuka ba. Inna Kulu ta ce, "Sai na zo ganin wakafina." Inna ta ce, "Ki zo da ƙafarki, kar ki aiko." Hanyar dawowa lafiya lau, ba abin faɗi, sai dai ba mu ga raƙuman dawa ba wannan karon, Inna kuma ta ji haushin direba kamar shi ya kore su.

A gida aiki ya fi tafiyar wuya. Magaji ya ce an aike ni karɓo amsa na dawo da daji. Na ce ai bawa ba ya musu da ubangidansa, ya ce wa ke bawan wani, muka yi irin tamu ta taubasai, amma a ƙarƙashin wasan ransa a ɓace yake, don filayen sun ragu. Sai da ƙannensa suka ga kowa zai samu nasa kafin ya sauko. Shugabana a ofis shi ma ya ƙi da farko, ya ce titi a miƙe aka zana shi, ba zai lanƙwasa don kanya ba. Abin da ya juyo da shi ruwa ne. Duk mutumin Gummi ya san abin da damina ke yi mana in gulbi ya cika, na tambaye shi in an cike tafkin, ruwan unguwar ɗakin wa zai shiga. Ya karɓi fensir ya lanƙwasa titin da hannunsa. Aka je gaban alƙali aka rubuta wakafi, aka shigar da shi taswira da koren launi.

Alkawarin da na yi wa Inna bai cika duka ba. Giginya guda ta faɗo daidai mahaɗar titi, na juya awo ta kowace fuska ta ƙi kaucewa, dole aka sare ta. Inna ta yi kusan mako tana amsa gaisuwata da ka. Har yanzu in mun bi ta wurin sai ta nuna mini inda take.

Yanzu gidaje sun fara tashi a tudun, ƙofofinsu na kallon kwari. Magaji, da ya fi kowa faɗa, shi ya zaɓi filin da ke fuskantar tsamiya, ya kafa benci a gindinta. Shamuwa ta dawo kan ɓaure da farkon damina, mata na tsintar kanya, ana kuma yin faɗa da masu zuba shara, wani lokaci a yi nasara wani lokaci a sha kashi.

Kwanan baya wani Alhaji da ya sayi fili a wurin, baƙo ne daga Nasarawar Burkullu, ya same ni a ofis ransa a ɓace. Ya ce guza ya fito daga tafkinmu ya shiga gidansa ya ɗauke masa ɗan tsako, shi ba a gaya masa da maƙwabci irin wannan aka sayar masa da fili ba. Na ba shi haƙuri, da yamma na ba Inna labari. Ta tashi ta shiga akurki ta kamo 'yan tsaki biyu ta sa a kwando ta miƙo mini.

Ta ce, "Kai mishi. Ka ce ina gaishe shi, ya toshe kafar katangarshi. Ka kuma hwaɗa mishi ya yi haƙuri da guzan, shi Alhajin ya iske shi nan."